Yoyon Tankin Gidan Mai: Yadda Ake Kama Shi a Littafi Kafin Ya Fito a Guga

Galibi mutanen unguwa ne ke fara ganewa. Mace ta jefa guga da asuba, ta jawo, sai ta ga wani maiƙo mai launin bakan gizo yana yawo a saman ruwan. Ko mai shayi ya ce kwana biyu shayinsa na tashin kananzir, alhali bai canza komai ba. Ranar da aka kai wannan matsayi, man ya riga ya yi watanni, wani lokaci shekaru, yana tsiyaya daga tankin da ke binne a gidan man bakin titi. Yanzu kuwa gidajen mai sun bi kwalta sun shiga ƙauyuka, daga Gezawa zuwa Ringim da Taura, daga Wudil zuwa Birnin Kudu, daga Dambatta zuwa Kazaure. Da yawansu katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan da ke shan ruwan rijiya.

Ɓarnar ba ta buƙatar babbar ɓula. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana tara kusan lita 1,500 a shekara. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha daidai da giram ɗaya cikin lita 100,000. Idan benzin ɗin da ke cikin fetur kashi ɗaya ne cikin ɗari, lita ɗaya tak tana ɗauke da abin da zai kai ruwa sama da lita 800,000 bakin wannan iyaka. Hanci kuma ba ya jin benzin a wannan ƙanƙantar, don haka rashin wari ba shaidar lafiyar ruwa ba ne.

Inda man ke bi

Man da ya fita daga tanki yana gangarawa ta cikin ƙasa har ya tarar da ruwa. Da yake ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya kwanta a samansa ya bazu, wani ɓangarensa ya narke ya bi ruwan duk inda ya nufa. A ƙasar jigawa mai rairayi, irin ta wajen Gumel da Malam Madori, ba abin da ke tare shi. A fadamun Haɗeja da Auyo ruwa na kusa, tafiyar gajera ce. A yawancin ƙasar Kano, inda dutse ke ƙarƙashin marmara, man na bin tsagar dutse, shi ya sa rijiyar da ke jikin katanga kan tsira ta gida na uku ta lalace. Narkakken man bai cika wuce mita 100 da ɗoriya ba, sai dai burtsatse mai injin sumo da ke aiki yini guda tana iya jawo shi zuwa kanta.

Da damina ruwan ƙasa ya hau, ya ɗaga man ya shafe ƙasar da ke sama da shi. Da rani ya sauka ya bar shi a maƙale. Wannan ne dalilin da warin rijiya ke zuwa yana tafiya. Ɗaukewar wari ba warkewa ba ce.

Ta ina yake farawa

Kowa tanki yake zargi, amma sau da yawa laifin na bututu ne da mahaɗansa. Bututun ƙarfe da aka binne ba rufi, tsatsa na fara cinsa daga wajen zare, inda ƙarfen ya fi siranta. Manyan motoci na taka filin, ƙasa ta zauna, gwiwar bututu ta tsage. Sai ƙarƙashin famfo, inda ba mai leƙawa sai ranar gyara. Sai bakin sauke mai: duk zuwan tanka, lita biyu ko uku da suka rage a tiyo su zube a gindin murfi, a watsa yashi a kai a ce an gama. Sai cika tanki fiye da kima har mai ya fito ta bututun numfashi.

Shi kansa tankin ƙarfe ta fuska biyu yake ruɓewa. Ta waje, duk inda dutse ko ɓaraguzan gini suka kankare fenti lokacin binnewa, nan tsatsa za ta taru ta huda. Ta ciki, ruwan da ke kwanciya a gindi yana cin ƙarfen, musamman a tankin dizal. Akwai kuma wuri ɗaya da ba a cika lura da shi ba: daidai inda sandar awo ke dira kullum. Shekara goma ana sakin sanda tana bugun wuri guda, ƙarshenta ta raunana shi. Tanki mai kyau akan liƙa masa farantin ƙarfe a wannan gurbi. Wanda ba shi da shi, a riƙa sauke sanda a hankali.

Littafin awo

Nan ne aikin yake, kuma ba ya cin ko sisi sai kula. Kowane tanki da shafinsa, ba a haɗa biyu.

Kullum a lokaci ɗaya, an fi so da sassafe kafin a buɗe famfo, a zura sanda ta taɓa gindi, a ciro a karanta har zuwa milimita. A goge, a sake, a ɗauki tsakiyar awon biyu. A juya tsawon zuwa lita da jadawalin da aka auna wa wannan tankin kansa. Jadawalin aro daga wani tanki, ko sandar da bakinta ya cinye, ko tankin da ya karkata bayan binnewa, duk suna ba da lissafin ƙarya. A rubuta lambar mitar kowane famfo a daidai wannan lokaci.

Lissafin shi ne: abin da aka kwana da shi, a tara da abin da tanka ta sauke, a cire abin da mita ta nuna an sayar. Misali an wayi gari da lita 20,000, an sauke 11,000, an sayar da 6,400. Littafi ya ce saura 24,600. Sanda ta ce 24,540. Giɓin yau 60 ne. A rubuta shi, gobe a tara da na gobe, a yi ta tarawa har ƙarshen wata.

Giɓin rana ɗaya ba ya nufin komai. Fetur na kumbura ko ya tsuke da kusan lita ɗaya cikin 1,000 a kowane digiri na zafi. Tankar da ta sha ranar bazara a hanya ta sauke lita 30,000, man ya huce da digiri 5 a ƙarƙashin ƙasa, lita 150 sun ɓace ba tare da ɗigo ya zuba ba. Saboda haka a auna kafin saukewa, a auna bayan man ya natsu, a ware giɓin saukewa a gefe guda. Abin dubawa shi ne alkiblar jimillar. Tanki mai lafiya yau ragi gobe rara, jimilla na kewaya wuri ɗaya. Tanki mai yoyo kullum ragi, kuma ragin ba ya kula da ciniki. Idan giɓin na ƙaruwa ranar kasuwa yana raguwa ranar da ba ciniki, a zargi bututu ko mitar famfo. A gwada mitar da mudun awo na lita 20 da aka tantance. Idan giɓin na nan daidai ko an sayar ko ba a sayar ba, kuma ya fi yawa lokacin da tanki ke cike, a zargi jikin tankin.

A dokar Amurka, giɓin da ya haura kashi ɗaya cikin ɗari na cinikin wata haɗe da galan 130, wato kusan lita 490, wata biyu a jere, dole a bincika. Gidan man da ke sayar da lita 100,000 a wata ke nan sai ya rasa kusan 1,500 kafin ƙararrawa ta kaɗa. Wannan ya yi sassauci ga garin da rijiya ke bayan katanga. Mako biyu a jere ana ragi ba rara ko sau ɗaya, ya isa a tashi tsaye.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗora giɓin a kan yaran da ke ba da mai. A zabtare musu albashi, littafi ya daidaita, ƙasa kuma ta ci gaba da sha. Yaron da aka ci tararsa sau biyu zai koyi gyara lamba don ya tsira, daga nan littafin ya mutu. Kafin a ce sata ce, a tabbatar ba yoyo ba ne.

Sau ɗaya a mako, da kuma bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi, a shafa man gano ruwa a ƙasan sanda, kamar tsawon tafin hannu. Irin su Kolor Kut launinsa ruwan zuma ne, ya taɓa ruwa sai ya koma ja. Ruwan da ya kai santimita 2 ko 3 a zuƙe shi. Idan an zuƙe ya dawo alhali murfi na rufe ruf, ta ɓula yake shiga, kuma ƙofar da ruwa ya shigo da damina ita mai zai bi ya fita da rani. Famfo ma na magana: wanda ke jan mai da kansa, idan da safe sai ya yi ta tari yana furzar da iska kafin mai ya zo, ko bawul ya lalace ko bututu ya tsage.

Tabbatarwa

A rufe tankin da ake zargi, a sa kwaɗo a famfo da murfi, a auna, a bar shi awa 36, a sake aunawa. Faɗuwar sanda hujja ce. Rashin faɗuwarta ba hujja ba ce, ga dalili: tanki mai lita 45,000 da ke kwance, idan mai na tsakiyarsa, santimita ɗaya a sanda ya haura lita 200. Yoyon lita 10 a yini ba zai nuna ba, alhali a shekara ya wuce 3,600. Don haka bayan wannan sai a kira masu gwajin tanki da hukuma ta amince da su. Gwaji na ƙwarai yana kama yoyon da bai kai rabin lita a awa ba. A gwada tanki daban, kowane layin bututu daban, a karɓi sakamako a rubuce.

Kada a taɓa hura iskar kwamfiresa cikin tankin da ya taɓa ɗaukar mai. Iska da tururin fetur a matse bam ne. Iskar naitirojin ake amfani da ita, kuma aikin masana ne.

Da zarar an tabbatar, a daina sayarwa daga tankin, a kwashe man zuwa tanka ko wani tanki a ranar. A sanar da NMDPRA, hukumar tarayya mai kula da sufuri da sayar da man fetur, wadda ta gaji aikin tsohuwar hukumar DPR kan gidajen mai a ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021, da kuma NOSDRA, hukumar da ke kula da malalar mai, wadda dokar kafa ta ta 2006 ta wajabta kai rahoton malalar mai cikin awa 24. Sannan mai gidan mai ya taka da ƙafarsa ya gaya wa maƙwabta. Ɓoyewa ba ta hana man tafiya, sai dai ta ƙara yawan yaran da za su sha.

Idan rijiya ta riga ta ɗauka

A daina sha, a daina girki, a daina wanka da alwala da ruwan, a daina shayar da dabbobi da ban-ruwan lambu. Tafasawa ba ta gyara shi, tana tura sinadarin ne cikin iskar ɗakin girki. Alif na kwantar da laka ne kawai, kulorin kuma ƙwayoyin cuta yake kashewa. Ƴan garuwa da ke ɗiba a wurin a sanar da su tun farko, don su ne ke kai ruwan unguwannin da ba su san abin da ake ciki ba.

Kada a tura mai yasa. Tururin fetur ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, yana taruwa a gindin rijiya ya kore iskar shaƙa, mutum ya sume kafin ya ja igiya. Kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na tururin a iska ya isa ya kama da wuta. Ba leƙawa da ashana ko fitilar ƙwai, ba sigari, ba kawo injin ban-ruwa bakin rijiya. A rufe ta da abin da yaro ba zai ɗaga ba, a bar ƴar kafar da iska za ta fita. Masai da sokawe da kwalbati na kusa su ma a shinshina, tururin na bin su har cikin ɗaki. Idan man ya taru har ana iya kwalfarsa, dagaci da liman su yi magana da babbar murya cewa ba mai ɗiba. Mutanen Jigawa ba sa buƙatar a tuna musu Majiya, inda a Oktoban 2024 sama da mutum 150 suka rasu wajen kwasar man tankar da ta faɗi.

Masu unguwa su rubuta sunan kowace rijiya da burtsatse da tuƙa-tuƙa da ke cikin mita 200 zuwa 300 daga gidan man, da ranar da kowace ta fara wari. Takarda ɗaya ta je wa dagaci da hakimi, ɗaya sashen lafiya na ƙaramar hukuma wajen duba-gari, ɗaya ma'aikatar muhalli da hukumar ruwan karkara ta jiha, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. A gaban hakimi buƙata uku ce, a faɗe su a jere: ranka ya daɗe, a kawo mana ruwan sha yau, a gwada tanki, a gwada rijiyoyinmu.

Gwajin ruwa yana da ƙa'ida, in an kuskure ta sakamako ya fito fes alhali ruwan na da guba. Ba a ɗiba a gorar roba. Ƙananan kwalaben gilashi ne masu mililita 40 daga ɗakin gwaji, a cika su maƙil, a rufe, a kifa a duba: ko ƙwayar kumfa ɗaya aka gani a sake, don benzin na gudu cikin kumfar. A sa su a cikin kula mai ƙanƙara, a kai cikin mako guda. A faɗa wa ɗakin gwajin a fili cewa benzin da danginsa da jimillar man fetur ake nema. Gwajin da aka saba yi wa sabuwar burtsatse, na ƙwayoyin cuta da gishiri, ba ya ganinsu. A maimaita a ƙarshen damina da tsakiyar bazara.

Mutane kan yi saurin cewa a haƙa burtsatse mai zurfi a wurin. A yi hattara. Ramin da ya ratsa gurɓataccen ruwan sama, idan ba a toshe gefen bututunsa da siminti tun daga sama har ƙasan wannan ruwan ba, ya zama magudanar da za ta kai man ruwan ƙasa mai tsabta. Sabuwar majiya ta kasance ta ɓangaren da ruwan ƙasa ke fitowa, nesa da gidan man. Bututun roba na ruwan sha kuma kada ya ratsa ƙasar da ta sha fetur, domin fetur na ratsa roba.

Kwashe abin da ya zuba

Sai an san iyakar ɓarna ake gyara. Ana haƙa ƙananan rijiyoyin dubawa aƙalla uku a kewayen tankin, ba a layi ɗaya ba, da bututu mai tsaga-tsaga wanda tsagarsa ta kama sama da ƙasan matakin ruwa. Bambancin tsayin ruwa a ukun shi ke nuna alkiblar da yake gangarawa. Da gora mai haske ake ɗebo saman ruwan a ga kaurin man. A Ogale ta ƙasar Ogoni, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa, da benzin ninki sama da 900 na iyaka. Can bututu ne ya jawo, ba tanki ba, amma halin man a ƙarƙashin ƙasa ɗaya ne.

Man da ke kwance shi ake fara zuƙewa, da famfon da ba ya tartsatsi. Ƙasar da ta jiƙe a tone ta. Kada a ba masu tifa su kai cikon kududdufi ko fili, an raba cutar ke nan. Da izinin hukuma, a sami wuri nesa da gidaje da rijiyoyi, a shimfiɗa leda mai kauri, a yi mata kunya a kewaye don ruwan sama, a baza ƙasar kaurin santimita 30 zuwa 45. A cakuɗa da takin shanu da ɓuntun shinkafa da ɗan takin zamani, a riƙa yayyafa ruwa ta yi danshi ba caɓi ba, a juya ta duk mako ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke cinye man, zafin ƙasarmu na taimaka musu, bushewa ce ke tsayar da su. Fetur kan tafi cikin watanni, dizal ya fi taurin kai. Gwaji ne zai ce an gama. Ruwan ƙasa kuwa shekaru yake ɗauka, a faɗa wa mutane gaskiyar haka tun farko.

Tankin da aka tono, ko babu ɗigo a ciki, cike yake da tururi. Sai an kore shi, da ruwa ko naitirojin ko busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon-dayoksaid ba ƙanƙarar ruwa ba, kusan kilo 2 ga kowace lita 1,000, an kuma auna da na'ura, kafin mai walda ya matso. Ba a sayar da shi a zuba ruwan sha ko hatsi.

Wajen binne sabo, in da hali a sayi mai bango biyu, wanda ake duba tsakaninsa. Kafin a sauke shi rami a gwada shi da iskar da ba ta wuce 5 a ma'aunin masu faci ba, tayar mota na shan sama da 30, a bi duk ɗinki da ruwan sabulu ana neman kumfa. A shimfiɗa masa yashi mai tsabta ko ƙananan tsakuwa kaurin santimita 30, a cike gefensa da irinsu, ban da ƙasar da aka tono. Tankin ƙarfe a haɗa masa dunƙulen ƙarfen magnesiyam da tsatsa za ta ci a madadinsa, a riƙa auna ƙarfinsu duk shekara uku. Bututu ya ɗan gangara zuwa tanki, santimita ɗaya a kowace mita, bawul kuma ya zauna a gindin famfo, don in layi ya tsage man ya koma tanki maimakon ƙasa. A sa bokitin tare zuba a bakin saukewa da ƙarƙashin kowane famfo, kada a cika tanki ya wuce kashi 90 cikin ɗari. A fadama da duk inda ruwa ke hawa da damina, a ɗaure tankin da maɗauran ƙarfe a jikin kankaren ƙasa, da roba tsakaninsu da fenti. Tanki mai lita 45,000 da ba komai a ciki, ruwa na tura shi sama da ƙarfin tan 45, ya fasa daɓe ya tsinke duk bututun da ke jikinsa a dare ɗaya.